Hanyar burji a tsaunukan Kagoro

Wanda ya saba tuƙi a kwaltar cikin garin Kaduna kaɗai ba zai san abin da motarsa ke iyawa ba sai ya hau hanyar burji a tsaunukan Kagoro, kusa da Kafanchan, inda ƙasa take fara tashi zuwa tudun Jos. A makon jiya ni da yayana muka bi wata daga cikinsu da motarsa mai jan ƙafa huɗu, kuma na ji daɗin tafiyar ƙwarai.

Kafin mu fara hawa, Yaya ya ɗan rage iskar tayoyi domin su ƙara kama ƙasa, sannan ya ce, "Ƙanena, sa lamba ɗaya, kada ka danna totur da ƙarfi." Tsakuwa tana ta bugun ƙarƙashin mota, ga kwarin da ruwan damina ya ƙwaƙule a tsakiyar hanya, wanda dole direba ya bar shi tsakanin tayoyinsa. A ganina gangara ta fi hawa wuya, domin idan aka dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya daina kamawa, saboda haka giya ce ke riƙe mota.

Daga sama muka hango gonaki kore shar har iyakar ganin ido. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masu babur da muka yi ta ba wa hanya, ɗauke da buhunan citta, domin wannan hanya ita ce suke bi kullum zuwa kasuwa da asibiti, kuma ta cancanci a gyara magudanan ruwanta kafin damina mai zuwa.