Kafin Rani Ya Kama, A Buɗe Bakin Guzuma

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Zazzau, musamman masu kiwo a wajejen Shika da Giwa. Ina gaishe ku daga jihar Nebraska ta Amurka, inda karatu ya kawo ni, kuma nake taɓa aiki a wata gonar shanun nama.

Makon jiya muka yi gwajin ciki. A nan cikin watan Oktoba ake yi, daidai lokacin da kuke kaka. Ana koro shanu ɗaya bayan ɗaya cikin wani matsattsen lungu na ƙarfe, likita ya sa safar leda har kafaɗa, ya zura hannu ta dubura ya lalubi mahaifa. Da hannu ana gane ciki tun yana da kwana 40 ko makamancin haka, da na'urar hoto kuwa tun kwana 30. In ya ce babu, sai a shafa wa saniyar fenti a gadon baya, ta nufi kasuwa. Hujjarsu ita ce saniya tana ɗaukar ciki kwana 283, to wadda ba ta ɗauka ba za ta cinye ciyawar hunturu gaba ɗaya ba maraƙi.

Wata baƙar guzuma ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shekararta 13, na ɗauka tata ta ƙare. Mai gonar, dattijo ne marar yawan magana, ya kama hancinta ya ɓare leɓenta na ƙasa. Haƙoran gaba takwas ɗin nan sun gajarce, amma babu giɓi. Ya durƙusa ya duba hantsa, ya ɗaga kofato. Likita ya ce akwai ciki. Aka buɗe mata ƙofa ta koma garke. Wata 'yar shekara 7 da ke bayanta, mai kyan gani, ita aka shafa wa fenti.

Sai na tuna guzumar Baba, Allah ya jiƙansa. Shekara uku ba ta haihu ba, kullum ana cewa bana za ta ɗauka. Ba wanda ya taɓa buɗe bakinta, ashe dasashi ne kawai ya rage. Ana zuba mata harawa da dusa, tana ta ramewa. Cikin watan Afrilu ta kwanta ta kasa tashi, mahauci ya zo ya taya yadda ya ga dama, muka sallama.

Amma fa kada a kwashi tsarin nan dungurungum. Su a nan karsana tana haihuwar fari tana shekara 2, don ba ta san yunwa ba. Bunajinmu kan kai 4 ko 5, kuma sau da yawa in ta tsallake shekara ba juya ba ce, rani ne ya cinye ta tana shayarwa. Irin wannan, in haƙoranta lafiya, a yaye maraƙin, a ƙara mata gurya da kanwa, a ba ta wata damina. Wadda baki ya zube kuma babu ciki, a kai ta kara yanzu tana da tsoka.

Ɓari kuwa maganarsa daban. In saniya ta zubar da cikin da ya yi nisa, a yi zargin bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari. A ware ta, kada a taɓa mabiyiya da hannu tsirara, a tafasa madara kafin a sha, domin cutar tana kama mutum. Ga NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, a Shika, ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, a kai jini a gwada.

Ƙanena, na san kana karantawa. Jar saniyar nan ta Inna, ka buɗe bakinta gobe da safe ka turo mini hoto.

Naku,
Wani ɗan Tudun Wada