Keken da ban taɓa hawa ba

Ƙannena masu shirin IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci, musamman abokan aikina ma'aikatan jinya, ku ji abin da ya kayar da ni a zaman farko. Hukumar NMC, mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, tana neman maki 7 a ɓangaren magana, ni kuwa 6 na samu, kuma a kan tambayar keke na fara tuntuɓe.

Ɓangaren magana minti 11 zuwa 14 ne, kai da mai jarrabawa ido da ido, ana naɗar muryarka. Kashin farko, wanda ba ya wuce minti 5, tambayoyi ne na yau da kullum: gida, aiki, abinci, ƙuruciya. Da na ga ana yawan kawo maganar keke, sai na samo wata amsa a intanet na haddace ta tsaf. Wai mahaifina ya saya mini jan keke ranar zagayowar haihuwata, muna fita wurin shaƙatawa duk ƙarshen mako. Wallahi babu ko ɗaya da ya faru. A gidanmu ba a bikin ranar haihuwa.

Aka tambaye ni ko na hau keke ina yaro. Na zubo haddata babu numfashi. Matar da ke jarraba ni ta saurara, sannan ta ce, me ya sa na daina? Shiru. Amsar da na ara ba ta kai nan ba, ni kuma ban san abin da ya sa wancan yaron ya daina hawan jan kekensa ba. Muryata ta sauya, daga mai gudu ta koma mai in'ina, kuma duk wanda ke da kunne ya san abin da wannan ke nufi. Fargabar ta bi ni har kashi na biyu, inda ake ba ka minti 1 ka shirya, ka yi magana ta minti 2.

Abin da ke yi mini ciwo har yau shi ne ina da labari, na kuma raina shi. A unguwarmu a Zariya akwai mai hayar keke a gindin dalbejiya. Mukan tara kuɗin tara mu karɓi haya, mu uku a keke ɗaya, muna kallon agogon mai shago kada lokaci ya ƙure. Kafin nan a tsohon keken Raleigh na kawuna na koya. Ƙafata ba ta kai feda daga sirdi, sai in zura ta ta ƙarƙashin sandar, in karkace ina tuƙi. Ranar da birki ya ƙi kamawa na faɗa kwata, tabon na nan a gwiwata ta hagu. Na daina ne da aka kai ni makarantar kwana. Da wannan na faɗa, ko sau goma za ta ce me ya sa, ina da amsa. Na ɗauka ne Baturiya ba za ta ga darajar keken haya ba, alhali ba arzikin gidanku ake aunawa ba. Abu huɗu ake dubawa: yadda magana ke zuba a tsare, yalwar kalmomi, nahawu, da lafazi.

A zama na biyu na sauya hanya. Na nemi sunayen Turanci na kayan keken da na sani, sarƙa, faci, famfo, kariya, na riƙa ba wayata labarin da ƙarfi ina naɗa. Da na saurara na ji abin da ban taɓa lura da shi ba: ina mayar da harafin p ya zama f, kuma ina fara labari a lokacin da ya wuce sai in zame zuwa na yanzu. Wannan gyaran ya ɗauke ni wajen wata biyu.

Ku samu aboki ya riƙa katse ku da "me ya sa?" bayan kowace amsa. Jimla biyu ko uku sun isa a kashin farko. In ba ki taɓa hawa keke ba, ƙanwata, ki ce ba ki taɓa ba, ki faɗi dalili, wannan ma cikakkiyar amsa ce. A zamana na biyu ko keke ba a ambata ba, ruwan sama aka tambaye ni, na ba da labarin yoyon rufin ɗakin kakata a watan Agusta.