Sati uku da fara yoga, hannuna bai taɓa yatsun ƙafa ba

Wallahi na ɗauka yogar nan, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi haɗe da zaman nutsuwa, kamar shan maganin ciwon kai ce, ka haɗiya yanzu anjima ka ji garau. Zaman keken ɗinki ne ya sa min ciwon baya, sai na ga bidiyon wata 'yar Indiya a YouTube tana naɗe jikinta kamar tabarma, na ce ai ni ma sati guda ya ishe ni.

Ina! Ranar farko na shimfiɗa tabarma a tsakar gida nan Birni bayan asuba tun kafin zafin Damagaram ya taso, na sunkuya, hannuna ko gwiwa da ƙyar ya wuce, jijiyar bayan cinya kamar za ta tsinke. Inna ta leƙo ta ce ke lafiya, kuɗi kika yar ne?

Zaman nutsuwar ma ya fi ba ni haushi. Na zata kai zai yi tsit, ashe ina rufe ido sai lissafin yadin da zan sayo a kasuwar Dole da bashin jaka biyar da ake bi na. Daga baya na gane tunani ba ya tsayawa dama, aikin shi ne in hankali ya tafi ka dawo da shi kan numfashi, ko sau hamsin ne. Ita ko mai bidiyon, shekaru ta yi tana abin nan.

Yanzu minti 10 nake yi, bayana ya ɗan saki, yatsun dai suna can nesa.