Kwalbar man zaitun da tsabobin Rumawa hamsin

Akwai wata kwalba a kan kantata da ta kusa shekara biyu ba ta gusa ba. Man zaitun ne a ciki, sai dai ya daɗe da rikiɗewa ya koma kore mai duhu, a ƙasansa kuma 'yan tsabobin kuɗi goma sha ɗaya ne kwance. Su ne ragowar guda hamsin da na saya a dunƙule, tsabobin Rumawa da ba a wanke ba, da ƙasarsu da tsatsarsu yadda aka tono su. Duk wanda ya ga kwalbar sai ya tambaye ni ko harkar da riba. Babu, nake cewa, sannan in ya ba ni kunne in ja shi da dogon bayani.

Kwaɗayi ne ya kai ni, ba zan ɓoye ba. Mai sayarwa ya sa hoton tulin tsabobi ya ce ba wanda ya tsince su, daga rami sai hannunka, ya ƙara da cewa wasu masu saye sun taɓa cin karo da azurfa. Na san cinikin biri a sama ne, amma zuciya ta ce mini wa ya sani, ƙila rabona na can ƙarƙashin laka.

Da ƙunshin ya iso na zazzage a faranti, sai na ji gwiwata ta ɗan yi sanyi. Ƙanana ne ƙwarai, yawancinsu ba su kai faɗin farcen babban yatsana ba, wasu ma ka rantse tsakuwa ce. Na jiƙa su a tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, domin ruwan famfo na ɗauke da kulorin, shi kuwa ba ya jituwa da tsohuwar tagulla. Bayan 'yan kwanaki in sauya ruwa, in goga da tsohon buroshin haƙori, in bi lungu-lungu da tsinken sakace ina leƙe ta gilashin ƙara girma. Masu taurin kai na tura su man zaitun. Dare nawa na raba a haka, ban ƙirga ba.

Ga yadda hamsin ɗin suka ƙare. Sha takwas sun fito sumul, babu fuska babu harafi, tun kafin su shiga ƙasa hannun mutane ya cinye su ko kuma ƙasar ce ta ƙarasa su. Sha huɗu ana ganin kan mutum da ɗan alamar rubutu, amma ba ka isa ka ce wane sarki ne ba. Shida na karanta su tsaf. Sha ɗaya na cikin kwalba. Ɗaya kuwa ni na kashe ta da hannuna.

Haƙuri ne ya ƙare mini wata rana, na matse lemun tsami na jefa ta ciki na kwanta. Da safe ta yi ja wur tana ƙyalli, na yi murna ta kamar minti ɗaya, sai na duba da gilashi. Fuskar da na fara hangowa jiya ta tafi, sai ramuka-ramuka kamar zanzana. Ashe wannan koren ɓawon da shekaru suka shimfiɗa a kan tagulla, wanda masu harkar ke kira fatina, sau da yawa a jikinsa zanen ya rage, domin ƙarfen da ke ƙasa ya riga ya zaizaye. Ka cire shi, ka cire kan sarki. Gyaran gangar Auzinawa sosai na yi. Akwai dai wani koren daban da ya kamata a ji tsoro, mai haske, mai gari-gari, wanda ke fitowa kamar ƙuraje. Shi ake kira cutar tagulla: gishirin da ya shige cikin ƙarfen ne ke haɗuwa da damshin iska yana ci gaba da cin tsabar. In ka gan shi, ware ta ka busar da ita sosai.

Cikin shidan nan akwai wadda ta biya ni wahalata, ko da ba da kuɗi ba. Sati uku tana ruwa, ranar nan ina sakace gefenta sai wani ɓamɓaroki ya ɓalle, ƙafar doki ta bayyana. Na bi a hankali, numfashi ma da dabara nake yi. Sai ga soja tsaye ya sa mashi yana soke wani mahayi da dokinsa ya faɗi. A kewaye an rubuta FEL TEMP REPARATIO, wato dawowar zamanin jin daɗi. Ɗaya fuskar kan sarki ne da ɗaurin lu'ulu'u a goshi, da sunansa, CONSTANTIVS. Kwanstantiyus na biyu ke nan, ɗan Kwanstantin Babba, wanda ya yi sarauta daga 337 zuwa 361. A 348 aka fara buga tsabobi masu wannan kirari. Can ƙasan ƙafar sojan kuma na ga SIS, alamar gidan buga kuɗi na Siskiya, garin da yau ake kira Sisak a Kuroshiya. Na daɗe ina juya ta a tafin hannu. Abin dariya, sarki na shelar dawowar jin daɗi a kan kuɗin da ke ta ƙanƙancewa shekara bayan shekara, domin wannan samfurin da girmansa ya fara, kafin mulkin ya ƙare ya tsuke.

To amma da na bincika farashinta sai na tarar tana cikin mafi yawan tsabobin da suka rage daga zamanin da. Sauran biyar ɗin ma haka: biyu masu sojoji biyu da tuta a tsakani, da rubutun GLORIA EXERCITVS, wato ɗaukakar rundunar soja, na gidan Kwanstantin, sai na sarki Balantiniyan da ƙanensa Balens. Kusan duk abin da ake sayarwa a dunƙule 'yan tagullar ƙarni na huɗu ne. Darajar kuɗi ta faɗi a daular, gidajen bugu daga Iskandariyya zuwa Antakiya zuwa Tasalonika suka yi ta zubo su ba iyaka, mutum ya yar da ɗaya ba lallai ya sunkuya ba. Tsufa kawai ba ya sa abu tsada. A 2010 an tono tukunya guda a kusa da Frome a Ingila da tsabobin Rumawa 52,503 a ciki. Tukunya guda fa. Kuɗin da na zuba a hamsin ɗin nan da zai saya mini 'yan tsabobi wankakku, kyawawa, da sunan sarki da na garin bugu a rubuce, waɗanda suka fi shidana kyau nesa ba kusa ba.

Maganar ba a tsince su ba kuwa, sai da na zauna na yi tunani na ga wautata. Mai na'urar gano ƙarfe ya tono, ya sayar wa dillali, dillali ya kai wa babban ɗan kasuwa, shi kuma ya rarraba wa masu sayar da ɗai-ɗai. Kowannensu ya fi ni ido, kuma abincinsa ke nan. Zinariya ba ta tsatsa, da ƙyallinta take fitowa daga ƙasa. Azurfa ma ba ta ɓuya ga wanda ya saba. Manyan tagulla da masu kan sarakunan da ba su daɗe a mulki ba, tun a hannun farko ake zare su. In ka ji wani ya samu azurfa a ƙunshinsa, ni dai zatona jefa ta aka yi da gangan don labari ya bazu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Duk da haka ba asarar kuɗi ce ta hana ni sake saye ba. Na rubuta wa mai sayarwa ina tambayar daga ina aka tono su, ya ce daga Turai, ya yi shiru. Sanannen abu ne cewa da yawan irin wannan kaya daga yankin Balkan yake fitowa, Bulgeriya da Sabiya da maƙwabtansu, inda doka ta hana tono kayan tarihi da fitar da su ba izini. Ratiyariya, tsohon birnin Rumawa a bakin kogin Danub a Bulgeriya, masu tonon dare sun mai da shi ramuka. A 2014 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Bulgeriya ta taƙaita shigo da kayan tarihinta, har da wasu tsabobi. Ga masanin tono, 'yar tsabar da ba ta da daraja a kasuwa ita ke faɗa masa shekarun daɓen da aka same ta a kai. Da zarar an zare ta an zuba a buhu tare da dubu, wannan bayanin ya tafi ke nan. Wanda ya gano tukunyar Frome barin ta ya yi a ramin ya kira masana, shi ya sa aka san yadda aka jera tsabobin a ciki. Tawa mai dokin kuwa, na san inda aka buga ta, amma inda ta kwana shekara dubu da ɗari shida ba mai iya gaya mini.

Idan aboki ya nace yana so, ina ce masa ya sayi goma kacal, daga wanda zai iya nuna masa asalinsu, ya ɗauki kuɗin a matsayin kuɗin makaranta. Zai koyi karanta haruffan Latin da suka rabe, zai san bambancin ƙasa da fatina a bakin tsinke, abin da ba ya koyuwa da tsabar da wani ya wanke maka. Bayan nan ya koma sayen wankakku.

Makon jiya na tsamo ɗaya daga kwalbar na goge ta da tsumma. Man ya sa ta yi baƙi fiye da da, abin da ya sa wasu ba sa son shi ke nan. A gefe na ga kamar V, kamar kuma tsagewa ce kawai. Na ɗan taɓa da tsinke, laka ta ƙi motsi, na mayar da ita na rufe murfin.