Daga Samaru zuwa Katsina, ƙuduji na biye da ni

Aikin ƙarshe da na yi a ɗakin gwaji kafin in bar Samaru shi ne hallaka sauran irin ƙudujin da ya rage mini, wato ƙwayoyin ciyawar nan mai tsotson saiwar dawa da gero da masara. Yana cikin wata 'yar kwalba, bai fi cokalin shayi biyu ba, kuma a gonar Baba na tattaro shi shekara uku da suka wuce. Wanda bai san shi ba zai ce ƙura ce ta taru. Na juye shi a takarda, na turara shi a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, sannan na kai bayan gini na cinna masa ashana. Wata ƙawata da ke tsaye ta ce in rage kaɗan mana, ko don tarihi. Na ce mata ba a ajiyar wannan. Ƙwaya ɗaya ba ta kai rabin milimita ba, tsiro guda yana zubar da dubun dubata, kuma takan kwanta a ƙasa shekara 10 ko fiye tana jira. In kwalbar ta fashe a tsakar gidanmu, inda Mama ke shuka 'yar masararta a bayan ɗaki, da wane ido zan kalle ta?

A farkon Satumba na yi difens, wato na kare kundin bincikena na jami'a a gaban masu jarrabawa. Mutane suna zaton daga ranar an gama, alhali a nan wata wahalar ke farawa. Mako uku na yi ina gyare-gyare. Malamina, Allah ya saka masa da alheri, ko waƙafi ba ya bari ya wuce jan bironsa. Ranar da na karɓo kundin daga wurin mai bayindin, da sunana a bango da ruwan zinare, sai na ga bai kai kaurin da nake zato ba. Shekara uku, ga su nan, hannu ɗaya ya ɗauke su.

Katifa na sayar wa wata sabuwar ɗaliba. Risho da bokitai na bar wa maƙwabciyata. Duk da haka sai da na tashi da akwati, buhun bakko biyu da kwalin littattafai wanda ya sa yaron mota ya tambaye ni ko duwatsu na zuba. Direban Golf ɗin ya kalli kayan, ya kalle ni, ya ce, "Hajiya, sai dai ki biya kujera biyu." Ban yi musu ba. Kundin kuwa ban yarda ya shiga but ba, a cinya na riƙe shi cikin leda, saboda hadari ya haɗo ta gabas.

Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna muka kama hanya. Da gangan na yi sammako. Kowa ya san hanyar nan ba a yin dare a kanta a 'yan shekarun nan, kuma tun jiya Mama ta kafa mini sharaɗi cewa la'asar ta same ni a gida. Muka wuce gonakin gwaji na cibiyar binciken noma, wadda tushenta ya koma 1922, inda ake fitar da irin da sunansu ke farawa da SAM: SAMSORG na dawa, SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake. Muka wuce Shika, muka wuce Giwa. Masara ta bushe a tsaye tana jiran girbi, dawa kuwa ta fi mutum tsawo, ta fara fid da kai.

Ba mu kai Funtuwa ba na hango shi. Wata gona ce ta dawa a hannun hagu, ƙasanta ya yi shar da fure ruwan hoda mai sirkin shuɗi, kamar an shimfiɗa atamfa. Dawar da ke kansa ba ta wuce ƙugu ba, ganyenta ya yi rawaya, ya nannaɗe kamar wanda fari ya kama, alhali ƙasa a jiƙe take. Hannuna ya riga tunanina, na ciro waya na ɗauka ta taga.

Wani dattijo da ke gefena, mai jar dara da carbi, ya ce, "Ɗiyata, hoton annoba kike ɗauka?"

Na ce, "Baba, ai a kanta na yi karatu."

"A kan ƙuduji?" Ya juyo sosai ya dube ni. "Har sai an tahi jami'a?"

Motar ta ɗauki dariya, har da direba. Ni ma na yi, don tambayar ba sabuwa ba ce. Gwaggona ta yi mini ita, ta ƙara da cewa sa'o'ina suna da 'ya'ya uku-uku ni ina can ina ƙirga ciyawa.

Kuma ƙirgar ce na yi, ba ƙarya. Irin ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ba ya tsira don ruwa ya sauka kawai. Sai ya sha danshi da ɗumi na kamar kwana 10 zuwa 14, sannan ya tsaya sauraro. Abin da yake jira wani sinadari ne da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa a cikin ƙasa. Da ya ji shi sai ya fasa, ya miƙa ɗan zare ya kama saiwar, ya huda ta, ya fara tsotson ruwa da abinci. Yana yin makonni a ɓoye yana wannan aika-aika. Kafin manomi ya ga ganyensa a sama, yawancin ɓarnar ta riga ta auku. Aikina shi ne in jera irin a kan 'yan takardun tacewa cikin farantan gilashi, in ajiye su a ɗumin digiri 30, in ɗiga musu ruwan da na wanko daga saiwar wake da waken suya da gyaɗa iri-iri, sannan in zauna gaban madubin ƙara girma ina ƙirga waɗanda suka fasa, ɗaya bayan ɗaya. Zagayen farko gaba ɗaya ya lalace, kuma laifina ne. Na yi gaggawa ban wanke irin da ruwan bilic yadda ya kamata ba, fumfuna ta rufe farantan kamar auduga. Wata biyu suka tafi a banza. Ranar na yi kuka a masallacin mata har wata baiwar Allah ta tambaye ni wa ya rasu.

Ban faɗa wa dattijon zancen kukan ba. Na dai faɗa masa zancen sauraron. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce su abin da suka sani shi ne gajiyar ƙasa ke kawo shi, gonar da ta sha taki ba ya mata yawa. Na ce haka ne, kuma an gano dalili. Idan dawa ta ji yunwa a ƙasa, musamman ƙarancin sinadarin fosfaras, sai ta ƙara fitar da wannan kira, don ta jawo wasu ƙananan halittu dangin fumfuna da ke taya saiwa neman abinci. Ƙuduji kuma ya laɓe yana ji. Dawa na kiran mai taimako, ɓarawo na amsawa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe munahuki ne."

A Funtuwa muka tsaya shan mai. Na sayi ƙosai da ruwa, Mama ta kira karo na uku. Funtuwa garin auduga ne tun zamanin Turawa, kuma ganin haka ya sa na ƙara wa dattijon wani abu bayan mun tashi. Sinadarin nan, a saiwar auduga aka fara gano shi, a Amurka, a 1966. Abin mamakin shi ne auduga tana kiran ƙuduji ya fasa, amma ba ya iya kama ta. Ya fito, bai sami abin tsotso ba, guzurinsa kuma ɗan mitsitsi ne, cikin 'yan kwanaki sai ya mutu. Waken suya da gyaɗa ma suna yin haka, wani iri ya fi wani. Nemo waɗanda suka fi iya wannan yaudara shi ne dukan kundin da ke cinyata.

Nan fa bakinsa ya buɗe. Ya ce lokacin da yake saurayi, gonar mahaifinsu bana auduga, baɗi dawa, kuma ba ya tuna sun taɓa ganin ƙuduji ya yi musu irin na yanzu. Ya ba mu labarin fuloti, yadda ake layi da jakuna a kai auduga awo, yadda kuɗinta ke yin aure da biyan haraji. Ya ce a lokacin nan da Zariya duk jiha ɗaya ce, kafin a yanke Katsina a 1987. Daga Bakori har kusa da Malumfashi shi ke magana. Ni da na zo da ilimi sai na koma 'yar sauraro, ina da-na-sanin ban haɗu da shi ba kafin in rubuta babi na biyu.

Akwai wani tsakani da hira ta mutu da kanta. Daji ne hagu da dama, direba ya taka mota, wata mata a baya tana ta salati ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya ce komai sai da muka hango shingen jami'an tsaro da masu tallar gyaɗa, sannan kowa ya gyara zama.

Bayan Malumfashi ne dattijon ya yi mini tambayar da masu jarrabawa ba su yi ba. Ya fara da cewa wake ma ai yana da nasa ƙudujin. Na ce ƙwarai, wani jinsi ne daban, na dawa ba ya kama wake, na wake ba ya kama dawa. Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To, ɗiyata, wanda gonarshi guda ce, ga iyali goma sha, in ya shuka waken suya shekara biyu ko uku don ya kashe ƙuduji, mi za su tuƙa da dare?"

A babi na biyar akwai wani layi da na rubuta cikin minti ɗaya, mai cewa ana ba manoma shawara su riƙa juya shuka kuma su ƙara taki. Ba wanda ya ja layi a ƙarƙashinsa. Na ce masa ana iya haɗawa a gona ɗaya, kunya biyu na dawa, kunya biyu ko huɗu na wake, a riƙa musanya wuri duk shekara. Ana iya cire ƙudujin da hannu kafin ya zuba iri. Akwai kuma irin dawa da masara masu jurewa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Allah shi yi albarka." Ban san ko ya gamsu ba. Ina zaton irin addu'ar nan ce da manya ke yi wa yaro in ya yi iya ƙoƙarinsa.

A Gidan Mutum Ɗaya muka hau titin Kano zuwa Katsina. Daga nan ƙasa ta canza. Jar ƙasar kudu ta ba rairayi wuri, masara ta yi ƙaranci, gero an riga an yanke, ga dammuna a jingine, wake na yaɗo a tsakanin karan. Ɗorawa da kaɗanya suka ja baya, sai kuka da bedi da gawo. Gawo ne kaɗai ke tsaye tsirara a tsakiyar damina, ya zubar da ganye lokacin da kowa ke kore, shi ya sa amfanin da ke ƙarƙashinsa ya fi na gefe kyau. Ruwan da Zariya ke samu a shekara ya haura milimita 1,000, na Katsina bai kusanci haka ba, kuma ba sai an duba littafi ba, tsayin dawa kaɗai ya isa shaida.

Dattijon ya sauka a Kankiya. Ya leƙo ta taga ya ce in gaida mahaifina, in ce masa ya yi ƙoƙari. Muka wuce Charanci, muka wuce Lambar Rimi. Hadarin da ya biyo mu tun Samaru bai zuba ba, ya watse. Azahar ta ɗan gota muka shiga ta Ƙofar Ƙaura. Napep biyu na ɗauka, ɗaya ni, ɗaya kaya.

Mama ta rungume ni, ta ce na rame, ta ajiye mini fura da dambu a lokaci guda. Ƙannena suka yi wa kwalin littattafai caa suna neman tsaraba. Ɗakina na da ya zama wurin ajiyar buhunan gero, an dai matsar da su gefe an shimfiɗa mini katifa. Da dare na farka ina lissafin ƙarfe nawa zan je in duba farantai, sai na ji kiran assalatu daga masallacin unguwarmu.

Baba bai ce komai a kan karatu ba sai da safe. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Bayan ya karya ya ce, "Uwata, kawo littahin mu gani." Na kawo. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Baba yana karanta ajami da Hausar boko, Turanci kuwa sai 'yan kalmomi. Ya riƙa buɗe shafi a hankali, yana wuce jadawali da zane-zane, har ya iso babi na uku inda na sa hoton wurin da na ɗebo iri. Ya tsaya. Ya matso da shi kusa da ido.

"Wannan ai gawon gonata ne."

Na ce shi ne.

Ya kira Mama ta zo ta gani. Sannan ya rufe kundin ya ce in sa takalmi, babur na waje.

Gonar tana kan hanyar Kaita. Rabin da ke kusa da gawon lafiya lau, ɗaya rabin kuwa furen nan ya yi masa ado. A bakin kunya na ga tarin ƙudujin da ƙanena ya cire shekaranjiya ya watsar, wasu da furensu, wasu har sun ɗaura 'ya'ya. Na tsuguna na murza ɗaya a tafin hannu, na miƙa wa Baba. Ya duba, ya ce bai ga komai ba sai datti. Na ce dattin nan shi ne irin, kuma ko an cire shi, in an bar shi a nan zai ƙarasa bushewa ya fashe, iska da kofaton awaki su mayar da shi cikin gona.

Ya daɗe yana kallon tafin hannuna. Sannan ya ɗaga murya ya kira ƙanena, ya ce ya tattaro su duka a rami ɗaya, a hankali, kar ya kaɗa su, ya kuma duba aljihun babur ko akwai ashana.