Godiya bayan jinyar autanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, an sallamo autanmu, yana gida, har ya fara rigimar kunu ya ishe shi, tuwo yake so.

Da yawanku kun tambaye ni me ya haɗa zazzaɓi da tiyata. Taifot ne ya huda masa hanji. Likitan da ya yi aikin, Allah ya saka masa da alheri, bai raina tambayata ba, ya juya katin asibiti ya zana mini a bayansa. Ƙwayar cutar, Salmonella Typhi, ta gurɓataccen ruwa ko abinci take shiga. Can wajen ƙarshen ƙaramin hanji akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle irin kaluluwa, nan garkuwar jiki take gadi. Aikin fararen ƙwayoyin jini shi ne su haɗiye baƙuwar ƙwaya su narkar da ita. To ita wannan ba ta narkewa. Zama take yi a cikinsu tana hayayyafa, su da kansu su kai ta hanta da saifa da ɓargo. Daga hanta ta sauka matsarmama, ta sake biyowa hanji. A karo na biyun nan jiki yake taso mata da dukkan ƙarfinsa, wurin ya kumbura, ya zama gyambo, galibi a mako na uku ya ɓule. Ashe faɗan da jikin yaron yake yi don kare shi, shi ne ya cinye bangon hanjin. Wannan har yanzu yana ba ni mamaki.

Ma'aikatan jinya na dare, masu zagayowa duba ledar ƙarin ruwa kowa na barci, Allah ya biya ku. Samarin unguwa da kuka taso daga majalisa kuka je ba da jini ba tare da an roƙe ku ba, ban da bakin gode muku. Haka mai adaidaitar da ya kai mu tsakar dare ya ƙi karɓar ko sisi. Yaya, kin kwashe sauran yaran kin riƙe, Allah ya bar zumunci. Malam liman da jama'ar masallaci, mun ga amfanin addu'arku. Mahaifiyarsa kuwa, da ta kwana kan tabarma gefen gadonsa har aka sallame su, Allah ne kaɗai zai iya biyan ta.

Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi. Don Allah kada a riƙo masa zoɓo ko kunun aya na hanya, tafasasshen ruwa kawai yake sha, kuma bai gama maganinsa ba tukuna.