Dodon Tafkin Tele da littafin da gara ta cinye

Ɗan ƙanwata ne ya fama mini tsohon miki. Ya zo gaishe ni, ko ruwa bai sha ba ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, kalli wannan, littafi zan rubuta a kai." Bidiyon Mokele-mbembe ne, dabbar da ake cewa tana ɓoye a fadamun Likuwala a arewacin Kongo Barazabil, mai jikin giwa da dogon wuya da ɗan ƙaramin kai, wai ragowar dinoso ce. Ya gama tsara jaruminsa da kwale-kwalensa har da budurwa. Na tambaye shi su wane ne ke zaune a kewayen Tafkin Tele, tafkin da ke cikin fadamun nan inda ake cewa an ga dabbar. Ya ce, "Mutanen daji mana."

Littafin nan ni na riga shi rubutawa, kuma da wannan amsar na rubuta shi.

A wata tsohuwar mujallar Turanci na tsinci labarin, a ɗakin karatu, lokacin ina sabon malamin makaranta. Daga nan na haukace. Na haddace rahoton wani hafsan Jamus, von Stein, wanda ya ji labarin dabbar a 1913 lokacin da Kamaru ke hannun Jamusawa. Na bi diddigin Roy Mackal na Jami'ar Chicago da ya je nemanta a 1980 da 1981 ya dawo bai gan ta ba. Na san zancen Marcellin Agnagna, masanin dabbobi ɗan Kongo, da ya ce ya gan ta a tafkin a 1983 amma hoton bai fito ba. Duk wannan na kwashe na zuba a littafina, sai dai na cire Bature na sa wani Bahaushe da babbar riga. 'Yan Kongo kuwa aikinsu ɗaukar kaya da zare ido da arcewa idan ruwa ya motsa. Ko ɗaya ban raɗa wa suna ba.

To amma a yi mini adalci. Babu intanet a lokacin, albashina ko Legas ba zai kai ni ba balle Barazabil. Shi kansa Conan Doyle, marubucin Birtaniya, da ya fitar da labarinsa na dinoso a 1912, a kan rahotannin masu yawon Kudancin Amurka ya jingina, wa ya tsine masa? Haka nake lallashin kaina. Sai dai gaskiya ba rashin kuɗi ya hana ni tambaya ba, tsoron amsar nake yi. Na san dinoso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Na san babu ƙashi, babu mushe, babu ko haƙori. Na rufe ido.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya na gane shi. Siffar dabbar da na zana daga Turai ta zo. An kafa kwaikwayon kwarangwal ɗin Diplodocus, wata dinoso mai dogon wuya, a Landan a 1905, a Berlin a 1908, jama'a suka yi ta tururuwa, sai ga Carl Hagenbeck, dillalin namun daji na Hamburg, a 1909 yana cewa irinta na raye a tsakiyar Afirka. Dabbar nan mai jan wutsiya a cikin taɓo zanen masanan wancan zamani ce, kuma su da kansu sun watsar da shi da suka gane a tudu take tafiya. Ni kuma na sari tsohon kayansu na kawo wa Hausawa a matsayin sirrin Afirka. Alhali ga ƙasusuwan gaske a yankin Agadas, inda aka tono dinoso Jobaria, wadda aka sa wa sunan wata halitta ta tatsuniyar Abzinawa. Ga kwarangwal a gidan tarihi na Yamai, tafiyar mota kawai. Ban taɓa leƙawa ba.

Gona na jinginar na buga littafin. 'Yan kasuwa suka juya shi suka ce babu soyayya a ciki. Kwalayen suka koma ƙarƙashin gado, da na jawo su wata damina sai ƙasa ja ta zubo, gara ta yi hanyoyi a tsakiyar shafukan.

Ku matasa masu son rubuta littafi, na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma kaɗan suka rage. Ku karanta kafin ku rubuta. Bidiyon minti ɗaya ba bincike ba ne, kuma wallahi yadda kuke haɗiye duk abin da waya ta tofo muku yana ba ni haushi. Mutum bai san ƙasar Kongo biyu ce ba amma zai kai jaruminsa can. Sai dai kuma karatun ne ya ɓatar da ni, don haka kada ku karanta irin nawa, na neman wanda zai gaskata ku. Ku fara da Bomitaba masu kamun kifi a fadamar, da mutanen ƙauyen Boha da sai da izininsu ake isa tafkin. Me suke ji idan baƙo ya zo da littafin hotuna yana nuna musu dinoso yana cewa wannan ce ko?

Ko kuma ku bar dodon nan gaba ɗaya. A'a, ku rubuta shi, ƙagaggen labari ne, ba wanda ya ce sai dabbar ta tabbata. Amma kada wanda ya taɓa gonar gado don kuɗin bugu. Ku fara sakin babi ɗaya a Facebook ku ga ko akwai mai neman na biyu.